Daga Kano Zuwa Penang da Singafo: Abin da Suka Karɓa a Hannun Turawa da Abin da Suka Ƙi

Saura kamar minti ashirin jirginmu ya sauka a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, na ɗaga murfin taga. Ƙasa kore shar, amma ba daji ba ne. Bishiyoyin kwakwar manja ne a jere, layi bayan layi kamar kunyoyin gero, har inda ido ya gaza. Asalin bishiyar nan daga yankinmu na Afirka ta Yamma take. A 1917 wani Bafaranshe ya fara dasa ta don kasuwa a jihar Selangor, yau kuma Malesiya ce ta biyu a duniya wajen manja, bayan Indonesiya. Najeriya da a da take loda shi a jiragen ruwa zuwa Turai, yanzu sai ta sayo daga waje take cike giɓinta. Da wannan ɗacin a maƙogwaro na taka ƙasar.

Bikin yaye autanmu ne ya kai ni. Ya kammala digiri na uku a fannin injiniyan lantarki a jami'ar kimiyya ta Penang, Inna kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni babba in wakilci gida. Amma ban tafi ni kaɗai ba, na tafi da wata gardama da ta shekara tana cin majalisarmu bayan sallar Isha'i. Abokina malamin makaranta ya kafe a kan cewa duk ƙasar Asiya da ta yi arziki, bin Turawa ta yi sau da ƙafa: zaɓe, kotu, kasuwa a sake, gwamnati ta cire hannu daga ciniki. Shi kuwa Alhajinmu na Kantin Kwari, wanda ya fi sau goma yana zuwa Guangzhou, cewa yake ƙarya ne, ƙin Turawa suka yi shi ya sa suka tsira, mu da muka bi ga inda muka ƙare. Da zan taso kowannensu ya ja ni gefe ya ce in buɗe ido.

Kwana biyu muka yi a Kuala Lumpur kafin mu wuce arewa. Autan ya kai ni tagwayen benen Petronas, mai hawa 88, mita 452, na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce kamfanonin Japan aka ba ginin ɗaya, na Koriya ta Kudu ɗayan. Tun 1982 firaministan Malesiya na lokacin, Mahathir Mohamad, ya shelanta manufar duban gabas, wato a koyi aiki a wajen Japan da Koriya maimakon zuba wa Ingila ido. Amma ba wannan ginin ne ya fi riƙe ni ba.

A kan titin Tun Razak akwai wani bene mai siririn ƙugu, faɗi sama faɗi ƙasa, sak kalangu. Nan ne hedikwatar Tabung Haji, asusun ajiyar maniyyata. Na tsaya a gabansa na daɗe, don na san labarin da ya haife shi tun kafin a ba ni shi, a gidanmu aka yi irinsa. Kakanmu gonar fadama ya sayar ya sauke farali, ya dawo da sunan Alhaji, 'ya'yansa suka koma ƙodago a gonar da a da tasu ce. Haka manoman Malesiya suke yi a da. Su ɓoye kuɗi a ƙarƙashin matashi ko cikin tulu don gudun ruwan banki, in lokaci ya yi su sayar da bauna da gonar shinkafa, su dawo daga Makka hannu rabbana. Wani masanin tattalin arzikinsu, Ungku Abdul Aziz, ya rubuta shawara a 1959 cewa a tattara wannan kuɗin wuri ɗaya, a juya shi ta hanyar halal, mai ajiya ya ci riba, ya je Hajji gonarsa tana nan. A 1963 aka buɗe. Yau masu ajiya sun haura miliyan takwas, ana buɗe wa jariri tun yana zanin goyo, kuɗin kuma yana cikin gonakin manja da gine-gine da hannayen jari.

Na tambayi kaina, wannan na Bature ne ko na wa? Littafin lissafin da tsarin hannun jarin, daga Turawa aka koya, babu musu. Amma babu wani ofishi a Landan ko Washington da zai zauna ya gano cewa jarin talakan ƙasar nan yana kwance a ƙarƙashin matashinsa saboda tsoron riba, kuma son ganin Ka'aba ne kaɗai zai fito da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu sai a 2020 hukumar alhazanmu ta ƙaddamar da irin wannan adashin, shekara 57 bayan nasu.

Jirgin ƙasa mai lantarki muka hau zuwa Butterworth, tafiyar kamar sa'a huɗu, daga nan jirgin fito ya tsallaka da mu tsibirin Penang. An yi biki lafiya. Da aka kira sunan autan na kasa riƙe hawaye, na tuna Baba da bai ga wannan rana ba.

Washegari matar da yake haya a gidanta ta gayyace mu cin abinci. Dattijuwa ce da ta haura saba'in, yana ce mata Mak Cik, kamar a ce gwaggo. Ta zuba mana shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da ƙananan kifi soyayyu da gyaɗa da wani yaji mai zaƙi-zaƙi. Tabaran da ke idonta kauri gare shi kamar gindin kwalba. Ta ce aikin masana'anta ne ya ci idon. Tana 'yar shekara goma sha takwas ta baro ƙauyensu a Kedah, ta shekara goma sha ɗaya tana sunkuye a kan madubin ƙara girma, tana haɗa wayoyin da suka fi gashin kai siranta a jikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Autan yana fassara mini, ita kuma tana nuna yadda ake riƙe hantsakin da yatsunta da suka fara rawa.

Daga bakinta da bakin autan na haɗa labarin tsibirin. Penang da tashar jiragen ruwa take ci tun zamanin Ingilishi, kaya su shigo su fita babu kuɗin fito. A ƙarshen shekarun 1960 aka janye wannan gatan, kasuwa ta mutu, samari suka cika titi babu aikin yi. Babban ministan jihar na lokacin, Lim Chong Eu, bai zauna jiran tsammani ba. Ya kafa hukumar raya jiha a 1969, aka share gonakin shinkafa a Bayan Lepas, aka ja wuta da ruwa da titi, a 1972 aka buɗe yankin masana'antu da aka yafe wa haraji. Shi da jami'ansa suka bi kamfanonin waje har gida suna zawarcinsu. Intel ta zo a shekarar, masana'antarta ta farko a wajen Amurka. Hewlett-Packard da AMD da Bosch da Hitachi duk suka kafa nasu. Yau ana ƙiyasta kusan kashi 13 cikin ɗari na aikin naɗewa da gwajin ƙwaƙwalwar na'urori na duniya a Malesiya ake yin sa, mafi yawa a nan da kewaye.

A nan dole in ba abokina malamin makaranta gaskiyarsa. Jarin na Amurka da Jamus da Japan ne, fasahar tasu ce, kasuwar da ake kai kayan ma tasu ce. Da Penang ta rufe ƙofa ta ce ba ta son baƙo, da Mak Cik ta tsufa a gonar shinkafa. Da albashin nan ta aurar da ƙannenta, ta sayi gidan da muke zaune a ciki, ta je Makka ta hannun Tabung Haji, ɗanta kuma yanzu injiniya ne a wani kamfani na 'yan ƙasa da ke ƙera injinan gwaji yana sayar wa su waɗancan baƙin. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni. Iyaye sun shiga a matsayin 'yan ƙodago, 'ya'ya suka fito da sana'ar.

Sai dai ba kasuwa ce ta tashi da kanta ta zo Bayan Lepas ba, gwamnati ce ta je ta kamo hannunta. Kuma abin da abokina yake kira 'yancin Turawa ba duka aka shigo da shi ba. Shekara da shekaru an hana ma'aikatan lantarki kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, don kada baƙi su tsorata, baƙin da a ƙasashensu ƙungiyar ƙwadago haƙƙi ce ba su ce uffan ba. Na tambayi Mak Cik ko an biya ta diyyar idonta. Ta yi murmushi ta ƙara mini shinkafa.

Da yamma muka fita bakin teku, muna hangen gadar Penang mai tsawon kilomita 13.5, wadda kamfanin Hyundai na Koriya ya gina aka buɗe a 1985. Motoci ƙirar Proton suna ta wucewa. Ita ce motar ƙasa da Mahathir ya kafa, ta fara fita a 1985 da injin Mitsubishi, aka tsuga wa motocin waje haraji don ta samu ta miƙe. Ta miƙe a gida, amma ba ta zama Hyundai ba, har a 2017 kamfanin Geely na Sin ya sayi kashi 49.9 nata. Koriya ma ta kare kamfanoninta, bambancin shi ne shugabanta na lokacin, Park Chung-hee, kowane wata sai ya zauna taron duba abin da aka fitar waje, wanda ya kasa sayarwa a kasuwar duniya rancen banki ya yanke masa. Gata ne mai sharaɗi. Na tuna cewa a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, shekarar da Hyundai ta fito da motar farko ta ƙirar kanta, Pony. Alhajin Kwari yana son ya ce rufe ƙofa kaɗai ya isa. Proton ta nuna mini bai isa ba.

Maganar da ta fi taɓa ni a tafiyar nan ita ce ta 1998, don kowa ka taɓa a Malesiya wanda ya haura arba'in yana da labarinta. A 1997 guguwar kuɗi ta taso daga Tailan, masu jarin waje suka kwashe nasu suka gudu. Ringgit, kuɗin Malesiya, da ake canzar da biyu da rabi a dala ɗaya, zuwa Janairun 1998 ta doshi biyar. Tailan da Indonesiya da Koriya ta Kudu suka miƙa wuya ga asusun IMF. Akwai hoton da har yau mutanen yankin ba su manta ba: shugaban Indonesiya Suharto a sunkuye yana sa hannu, shugaban asusun, Michel Camdessus, a tsaye a kansa ya harɗe hannu a ƙirji. Wata huɗu bayan nan mulkin Suharto ya faɗi. Mahathir ya ce shi ba zai sha wannan maganin ba. A farkon Satumbar 1998 ya toshe ƙofar fitar da kuɗi, ya ɗaure ringgit a kan 3.80, ta zauna a haka har Yulin 2005. An yi ta cewa ƙasar ta kashe kanta. Ba ta mutu ba, a 1999 tattalin arzikinta ya koma hawa.

Ina sauraro ina tuna 1986. Ina aji shida na firamare. A 1985 gwamnatin Babangida ta buɗe muhawara a kan bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so, aka ce an ƙi bashin, sai ga sharuɗɗansa sun dawo da sunan SAP. Aka karya naira, aka rushe hukumomin sayen gyaɗa da auduga. Baba yana aiki a wata masaƙa a Bompai. Ba rana ɗaya ta rufe ba, a hankali ta yi ta zubewa, rashin wuta da tsadar kayan gyara da atamfar fasa-ƙwauri suka taru a kanta, har ranar da ya dawo gida da takarda a aljihu bai ci tuwon dare ba. Mun karɓi maganin da aka rubuta mana, amma ba mu da hukumar da za ta tsaya a kan masaƙar Baba yadda aka tsaya a kan Bayan Lepas.

Duk da haka ba zan ɓoye abin da ya rage wa Alhaji ƙarfin hujja ba. Koriya da ta karɓi bashin ita ma ta warke, jama'arta suka yi layi suna miƙa zoben aure da sarƙar gwal don a biya, ta kuma gama biya a 2001 tun wa'adi bai cika ba. Wanda ya karɓa ya tashi, wanda ya ƙi ya tashi. Dukansu suna da masana'antun da ke sayar wa duniya kaya tun kafin guguwar ta zo. Sannan a makon da Mahathir ya ɗaure ringgit ya tsige mataimakinsa Anwar Ibrahim, aka kulle shi, aka fito da shi kotu da kumburarren ido. Hannun da ya iya ce wa IMF a'a, shi ne hannun da babu mai iya riƙe shi a gida.

Singafo kwana biyu kawai na yi, a bas muka shiga ta mashigin Johor. Kowa ya san tsabtarta, ba sai na ɓata baki ba. Abin da ban sani ba sai da na je shi ne, ƙasar da ake buga misali da ita wajen sakin kasuwa, kusan kashi 90 cikin ɗari na filinta na gwamnati ne, kusan mutum takwas cikin goma kuma a benayen da hukumar gidaje ta gina suke zaune. Ma'aikacin da bai wuce shekara 55 ba ana cire kashi 20 na albashinsa, ubangidansa ya ƙara 17, a zuba a asusun dole, da shi zai sayi gida ya yi jinya ya ci a tsufa. Kamfanin jiragen samansu da tashar jiragen ruwa da babban bankinsu duk akwai hannun Temasek, kamfanin jarin gwamnati da aka kafa a 1974. Jam'iyya ɗaya ke mulki tun 1959. Zanga-zanga ba tare da izini ba, sai a wani ɗan fili guda a lambun Hong Lim. Da wata ƙasar Afirka ce ta kawo wannan tsarin a 1986, da an ce gurguzu ne.

Amma a bakin kogi ga mutum-mutumin Raffles, Baturen da ya kafa musu mulkin mallaka a 1819, yana tsaye ba a taɓa shi ba. Wani masani ɗan Holan, Albert Winsemius, wanda ya shekara fiye da ashirin yana ba su shawara, shi ya ce wa Lee Kuan Yew, firaministansu na farko, ya bar shi, don masu jari su san ba a zubar da gadon Ingila ba. Sun riƙe Ingilishi, sun riƙe dokar ciniki da kotunan da suka gada. Hukumar yaƙi da cin hanci ma Turawa suka kafa ta a 1952, su kuma suka wasa mata haƙora a 1960. A 2024 an ɗaure tsohon ministan sufuri, Iswaran, wata 12 saboda karɓar kyaututtuka da hana shari'a aikinta. Kyauta, jama'a, irin wadda a wajenmu ake kira alheri.

Da asuba, a hanyar masallacin Sultan, na ga wata a-kori-kura cike da lebura 'yan Bangaladash da Indiya a zaune a baya, kowa ya rungume hular kwanonsa yana gyangyaɗi. Su suke gina benayen nan, kuma ba za su taɓa mallakar ɗaki a ciki ba. Duk wanda zai ba ni labarin Singafo ya bar su, bai ba ni labarin duka ba.

A bas ɗin dawowa na zauna kusa da wani dattijo ɗan Malesiya, malamin makaranta mai ritaya. Da na yabi ƙasarsu sai ya girgiza kai ya kawo maganar 1MDB, asusun raya ƙasa da hukumomin Amurka suka ce an wawure fiye da dala biliyan 4.5 daga cikinsa. Da taimakon wa? Bankin Goldman Sachs na Amurka ne ya shirya takardun bashin, har a 2020 ya amince ya biya Malesiya dala biliyan 2.5 kuɗi hannu. To wa ya tona? 'Yan jarida, na gida da na waje. Wa ya hukunta? Talakawa, ranar 9 ga Mayun 2018, da suka kayar da ƙawancen da ya shekara 61 yana mulki. A Agustan 2022 tsohon firaminista Najib Razak ya shiga kurkukun Kajang. Shi kansa Tabung Haji da na tsaya ina sha'awa, a 2018 aka bayyana cewa bashin da ke kansa ya fi kadararsa, sai da gwamnati ta sa hannu ta tallafe shi. Dattijon ya ce mini, Encik (wato malam), mun yi arziki ba tare da cikakken 'yanci ba, amma da babu ƙuri'a da an cinye arzikin muna kallo.

Na yi shiru har muka wuce Melaka. Ni dai ban yarda cewa tuhumar shugaba kayan Bature ba ne. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin mutumin da ya tsayar da Sayyadina Umar a kan mumbari yana tambayar inda ya samu ƙarin yadin rigarsa. Amma akwatin zaɓe da jarida da kotun ɗaukaka ƙara, waɗannan kayan aikin daga Turawa suka zo, kuma na ga ranarsu da idona. Filifin ta gaji tsarin siyasar Amurka kusan ɗungurungum tun 1946, bai kai ta inda Koriya ta kai ba. Malesiya da Singafo kuwa sun shiga kayan Turawa ne yadda Alhaji yake shiga shago a Guangzhou, ya ɗaga wannan ya duba saƙarsa, ya ajiye wancan, ya taya, ya ce a canza masa launi don ya san abin da matan Kano za su saya. Wani zaɓin nasu ya yi kyau, wani ya cuci mutane irin su Mak Cik da leburorin bayan mota. Amma su suka zaɓa, kuma sun zauna sun bi lissafin abin da suka zaɓa shekara da shekaru.

A filin jirgi, ana saura sa'a ɗaya in shiga, autan ya fito da maganar da na lura tun a Penang tana cin sa. Wani kamfani a Bayan Lepas ya ba shi aiki, kwantiragin shekara uku. A gida kuma jami'ar da ta turo shi ba ta da ko injin gwaji ɗaya irin wanda ya yi bincikensa a kai.

"Yaya, Inna za ta ce na guje ta."

Na ce masa ni zan yi wa Inna bayani, ita kuma jami'a a rubuta mata a nemi izini ta hanyar da ta dace, kada a ci amana. Na ce ya karɓa, amma kada ya tsaya a kan teburinsa kawai. Ya san wa ke sayar musu da kayan gyara, wa ke horar da masu walda, nawa suke biyan wuta, yadda ɗan Mak Cik ya yi ya fita ya kafa nasa. Ya rubuta komai a littafi.

Ya ce, "In na dawo babu wutar fa?"

Aka kira jirginmu. Na karɓi ledar tsarabar da Mak Cik ta ba shi ya kawo wa Inna, kwalbar man shafawa na ciwon ƙafa da ɗankwali biyu, na rungume shi na ce ya kira ta kafin in sauka Kano.